Ɗanyen Hoto

Ƙarfe biyun dare a Garuwa.
Fanka ta gaji, Binuwai ta aiko da sauro.
Ni da kwamfuta mun ƙura wa juna ido:
hotuna dubu da ɗari huɗu na bikin Dijatu,
duk ɗanyu, dishi-dishi,
kamar kifin da aka zazzage daga koma,
bai ga gishiri ba, bai ji wuta ba.

Ran ciniki Alhaji Bakari ya ce,
"Sefa dubu tamanin don danna maɓalli?
Yaran gidan nan kowa da waya a hannu."
Na ce to.
Ya ba da rabi yana ƙunƙuni.

Yanzu ina wanke rawayar
da fitilar rumfa ta shafa wa fuskoki,
ina mayar wa lalle jansa,
shadda ta koma shuɗin da Goggo Asta ta zaɓa.
Launin amarya kuwa ban taɓa ba.
Baƙa ce mai sheƙi, haka aka haife ta.

Hoto na ɗari tara da sha bakwai:
mota ta zo ɗaukar amarya, wuta ta ɗauke.
Baƙi ƙirin. Saura kaɗan in goge.
Sai na ja inuwar sama a hankali
kamar mai jan guga a rijiyar bazara.
Ga bango. Ga dalbejiya.
Ga mutum tsugune bayan janareta,
ya tusa fuska cikin hannun riga.
Hular na sani.

Waya arba'in ta haska a daren nan,
duk mota take kallo.

Na daɗe da yatsa kan linzami.
Abin da duhu ya rufa wa asiri,
wa ya aike ni in tona?
Na mayar da rabin inuwar,
na bar haske daidai yadda mai shi zai gane kansa.
Bai shiga kundi ba. Ambulan daban.

Ran Laraba ya zo shago.
Ya buɗe, ya duba,
har mai kunun gyaɗa ta wuce ta dawo.
"Wa ya gani?"
"Ni da na'ura."

Ya ƙirga ciko, bai rage ko dala ba,
ya sa ambulan a aljihun ƙirji.
A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba:
"Ƙanwarta, bayan Babbar Sallah.
Ka zo da wuri.
Amma ka bar mini bayan janareta."