Haƙoran Dirili

Fanshona ba ya ganin ashirin ga wata,
amma a ƙuryar zaurena a Gwale
akwai injin juya ƙarfe, tsoho mai tari,
da dirilin tsaye da na saya kashi uku.
Ba sana'a ba ce, kada a kawo mini aiki.
Wasu tattabaru suke kiwo,
ni ƙarfe nake hudawa bayan la'asar.

Ran farko ido ne ya yi cinikin:
jan akwati, haƙora ashirin da tara,
kowanne na walƙiya kamar haƙorin Makka.
Na ce na yi tsuntuwa.
Na ɗora na farko a kan guntun sifirin mota,
ya yi kuka, ya yi hayaƙi, ya koma shuɗi,
ya lanƙwashe kamar tsinken tsire.
Na biyu ya karye a cikin ramin,
har yau yana can, ya ƙi fitowa.
An ce araha ba ta ado.
Ni na ƙara: ba ta huda.

Hambali na Ƙofar Ruwa ne ya warware mini.
Rumfarsa na bayan masu rodi,
faranti ɗaya a gabansa, haƙora baƙaƙe, gajeru,
ragowar wata masaƙa da ta mutu a Sharaɗa.
Ya ce, "Malam Tasi'u, wace lamba kake hudawa?"
Na ƙirga da yatsu: uku, biyar, shida, takwas da rabi.
Ya ce, "To sauran ashirin da biyar ɗin,
tuwo za ka riƙa ba su?
Sayi huɗu na kirki.
Ƙananan ɗauki bibbiyu, su ke mutuwa da ƙuruciya.
Mirgina shi a kan gilashi, in ya yi rangaji, bar shi.
Dubi leɓɓansa biyu, kada ɗaya ya ɗara ɗaya.
Launi fenti ne. Halin ƙarfe a ciki yake."

Na biya har da kuɗin adaidaita,
na tako a ƙasa ta gindin Goron Dutse,
suna ƙara a aljihuna.

Gwangwanin madara na fara ba su masauki.
Ashe haƙori ba ya son ɗan'uwansa:
suka yi ta gogar juna har suka dakushe,
damina ta zo ta shafa musu tsatsa.
Sai na roƙi guntun maɗaci wurin Sagiru kafinta,
kowanne na sa shi ya haƙa ɗakinsa da bakinsa,
na ƙona lambarsa a gefe da jar ƙusa.
Tsumma da baƙin mai kafin kwanciya.
Wanda ya gaji, dutsen washi da kofin ruwa,
a hankali, kada zafi ya kashe masa zuciya.

Wata Asabar na yaye tsumman,
ɗakin lamba shida wayam.
Na share zaure, na duba har cikin takalmi.
Can daga tsakar gida na jiyo ƙwal, ƙwal, ƙwal.
Uwani ce a tsugune,
tsohuwar tukunyar dalma kife a gabanta,
lamba shidana tsaye a hannun hagu,
ɗan dutsen niƙa a hannun dama.
"Madambacina ya fashe," in ji ta,
"wannan ƙusar taka mai murɗiya ta fi sauran baki."

Shekara talatin da ɗaya muna tare.
Na buɗe baki, na rufe.

Da dare aka kawo dambu da zogale,
har da man shanu, ya turaru sarai.
Na ci, na ƙara.
Da safe na kunna dutsen washi,
na cinye masa tsawon ƙwayar shinkafa biyu.
Ya fi 'yan'uwansa gajarta yanzu,
sai na sa farce nake zaro shi.
Ita kuma na saya mata ƙusa, inci huɗu,
na haƙa wa ƙusar ɗaki a ƙarshen layi.
Ban sa lamba ba. Ta san nata.