Gashin Dodo

Ran Litinin Malama Rifkatu ta raba matsayi:
wannan mafarauci, wancan mai gari, waccan mai tallan nono.
Furera tawa aka ba Dodo.
Na san dalili, ita ma ta sani.
Dodo ba ya magana, gurnani yake yi,
gurnani kuwa ba ya sarƙewa a harshe.

Ni mai gyaran kujeru ne a Jekadafari,
na san soso kamar yunwar cikina.
Amma ban taɓa na shago ba.
Katifar Inna na janyo daga bayan ƙofa,
shekara uku ba mai kwana a kanta,
har yau da kwarmin kafaɗarta a tsakiya.

Na sa reza, na tsaga tsiri-tsiri,
kaurin yatsa, tsawon kamu biyu,
soso na kuka ƙasa-ƙasa kamar ɓera a rumbu.
Almakashi ya cinye kusurwoyi,
don ba a taɓa ganin gashi mai lungu huɗu ba.
Sai murza, a cinya, yadda Inna ke tufka rama,
sai in kara a bakin kyandir, kaɗan.
In ya ji wuta daidai, ya riƙe murɗinsa.
In ta yi yawa, ya narke ya bi yatsa.
Ga tabon nan, uku.

Tamanin da bakwai na ƙirga.
Baƙar galura a tsohon bokitin fenti,
da ɗan jar ƙasa don kada baƙin ya yi sabunta.
Soso mashayi ne, bai san ƙoshi ba:
tsoma, matse, tsoma, matse,
kwana biyar hannuna na jin kunyar shiga tuwo gaban baƙo.

Muka shanya a igiya.
Bappa Manu ya leƙo ta katanga ya yi salati,
wai wa ya kashe macizai haka bai kira unguwa ba?
Akuyarsa ba ta yi tambaya ba, ta ci huɗu.

Daren Alhamis aka ɗauke wuta.
Furera na haska mini da waya,
ina ɗinke tushe ɗaya bayan ɗaya a tsohuwar hular sanyi,
warin gam na hawa kai.
Ta ce, “Ba-ba-baba, za su yi da-dariya?”
Na ce, “Riƙe fitilar daidai.”
Ba ni da wata amsa.

Asabar, ƙarƙashin darbejiyar makaranta,
ta ɓullo daga shuɗin zanen da aka ce shi ne ruwan Dadin Kowa,
gashi na lilo har gwiwa, buhu a jiki, toka a ƙafa.
’Yan aji ɗaya suka watse, wani ya bar takalmi.
Mafarauci, ɗan mai kemis, ya ɗaga baka,
ya buɗe baki,
maganar da ya haddace ta tsere ta bar shi.
Shiru.
Malama na raɗa daga gefe, bai ji ba.

Sai daga cikin gizon nan,
daga cikin katifar Inna,
murya ta fito miƙe kamar titin Bauchi:
“Kai yaro, wa ya aiko ka bakin ruwana?
Faɗi abin da ya kawo ka. Kada ka yi sauri, ina jira.”

Babu wannan a takarda.
Babu tuntuɓe kuma, ko ɗaya.
Na duba yatsuna don kada a ga idona.

Da yamma ta cire hular,
gumi ya zana mata baƙin layi a goshi.
Ta ce, “Ba-baba, ru-ruwa.”
Na ba ta. Na rataye Dodo a ƙusa.

Jiya na ƙirga, don hannu ya saba.
Tamanin da biyu.
Ba akuya ba ce.
Na ga jelarsa ta leƙo daga aljihun jakar makaranta,
na mayar da ita ciki,
na ja zif.