Tukunya ta Goma Sha Bakwai

Tukwane arba'in na jera a ɗakin gilashi na Samaru,
kowacce da lambarta a jikin tsinke,
kowacce da ƙwayar dawa uku.
Aikina mugunta ne mai takardar izini:
safe da yamma in auna gishiri a cokali,
in dama, in ba jarirai a madadin ruwa.

Babana Barau ya riga ni sanin wannan azaba.
Gonarsa ta bakin Galma, rani tara ana ban-ruwa,
har ƙasa ta fara furfura.
Ya tsuguna, ya lasa, ya tofar,
ya ce, "Lantana, ga laima har idon sawu,
ga shuka tana mutuwa da ƙishirwa."

Na ce, Baba, tuna Inna in ta yanka yalo
ta barbaɗa masa gishiri.
Ba ta matsa ba, ba ta ɗora a wuta ba,
sai ka ga faranti ya yi gumi.
Gishiri ba ya roƙo, ja yake yi.
Saiwa ta tafi ɗiba, ita aka mayar rijiya,
tana tsaye cikin danshi tana bushewa.

Kwana shida, ta farko ta sunkuyar da kai.
Kwana tara, ganyen ta ashirin ya naɗe
kamar tabarma bayan an watse.
Ina bi da biro ina soke lambobi,
har hannuna ya daina rawa.

Sai ta goma sha bakwai.
Ba ta yi kyau ba, kada in yi ƙarya,
bakin ganyenta ya ƙone kaɗan,
amma ga ta nan, ta ƙi kwantawa.

A kowane ɗan ɗaki na jikinta akwai wasiƙa,
haruffa huɗu kacal ake ta jujjuyawa,
naɗaɗɗiya, ta fi zaren gizo-gizo siranta.
Ba da tawada kakanninta suka rubuta ba,
da farin da suka tsallake ne.
Ƙwayoyin gado muke ce musu a wurin aiki.
'Yan uwanta ma suna da tasu wasiƙar,
ita dai ta riga su buɗewa.

Layi guda ya ce wa saiwa: aika sama,
ganye ya tsuke bakunansa, yau ba ranar hira da iska ba ce.
Wani ya ce: tara sukari a ɗaka,
ki yi kaurin da ruwa zai ji nauyin barinki.
Gishirin da ya riga ya kutso kuwa,
akwai layin da ke tisa ƙeyarsa zuwa ƙuryar ajiya,
ya ja ƙofa, ya bar shi can yana tsiwa.

Ba kyauta ba ne.
Takwarorinta masu shan ruwan daɗi sun ba ta taƙi guda.
Abin da za ta yi tsawo da shi
ta biya kuɗin rayuwa.

Na duba rajista in ga asalinta.
An rubuta: Basawa, wata tsohuwa, ƙullin bakin zane.
Ko sunanta ba a tambaya ba.
Damina nawa ta yi tana zaɓar zangarniya,
tana ɓoye iri, ko a shekarar yunwa?

Ranar Laraba Baba ya hau mota ya zo.
Ya cire hula don zafin ɗakin,
ya shafa ganyen da bayan yatsa.
"Yaushe zan samu?"
Na ce sai an haɗa ta aure da mai zangarniya babba,
a gwada 'ya'ya, a gwada jikoki,
shekara shida, in an yi sa'a.
Ya ƙirga a yatsu, ya yi shiru,
ya ce, "To, ki gaishe ta."
Ya tafi neman motar Sabon Gari.
Ni kuwa ƙarfe huɗu ta yi.
Na ɗauko cokali, na cika shi daidai,
na ce, yi haƙuri, dawa.