Tamanin da Bakwai

Shekara goma sha ɗaya ina rubuta shi a allo,
alli na kuka, yara na kwafa:
ruwa yana tafasa a digiri ɗari.
Haka littafi ya ce,
ni kuwa Nilda Tarqui ban taɓa yi wa littafi musu ba.

Makarantarmu tana saman Oruro,
inda numfashi ke zuwa rabi-rabi,
inda iyayen yara ke shiga ramin kuza da duhu
su fito da duhu.

Efraín, na bencin baya, mai hular ulu har kunne,
shi ya rubuta mini tamanin da bakwai.
Na zabga masa jan biro.
Ya ce, "Malama, aunawa na yi,
da ma'aunin gwaggona mai yin cuku."
Na ce, "Ma'aunin gwaggonka ya tsufa."
Aji ya kwashe da dariya.
Daga ranar hannunsa bai ƙara tashi ba,
kafin hutu, bencin ma ya daina ganinsa.

Hutun sanyi aka tura mu bita Cochabamba.
Na tafi da littafin rubutu sabo fil,
ina jiran dogon jawabi da ɗan kuɗin mota.
Sai ga wata tsohuwa, Severina Yujra,
gashi fari, kitso biyu har baya,
ba ta ce mana uffan ba.
Risho ta raba, da buta, da ma'aunin zafi,
ta ce, "Ku dafa ruwa."

Malamai arba'in, kowa da takardar shaidarsa,
muka tsaya kan buta kamar masu jiran haihuwa.
Ruwa ya yi ɓul-ɓul,
jan layi ya hau, ya hau,
ya cije wajen casa'in da biyu, ya ƙi gaba.
Wani ya ce ma'aunin ne ya lalace.
Ta ce, "Duka arba'in ɗin?"

Ta ce iska kaya ce, muna ɗauke da ita ba gammo.
A bakin teku ta danne ruwa, sai ya sha wuta kafin ya motsa;
a kan tudu ta sassauta, ya tafasa da wuri.
"Littafi bai yi ƙarya ba," in ji ta,
"bai dai taɓa hawa dutsenku ba."

Abin kunyar, na san batun.
Na haddace shi a kwaleji, na ci maki, na bar shi can.

A motar dare na komo,
ma'auni cikin safa kar ya fashe,
barci ya ƙi zuwa.
Kowace kwana muka sha, sai in ga jan biron nan.

Na same shi yana tace madara a bayan gidan gwaggo.
Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne,
balle yaron ma ya fi ni tsawo.
Na ce, "Makinka na kawo maka, ya yi wata uku a hannuna."
Bai yi murmushi ba.
Ya goge hannu a wando, ya ce, "Nawa kuka samu a can?"

Yanzu duk Alhamis bayan an tashi
mukan kunna risho a ajin ƙarshe,
masu faɗuwa jarrabawa su ne a gaba.
Efraín ke rubuta wa makarantun nesa wasiƙa:
ku dafa ruwa, ku aiko mana da lambarku.
Amsa huɗu ta zo, mun manna a jikin taswira.

Jiya wata ƙarama, Yolita, ta ce,
"To in an zuba gishiri fa?"
Bakina ya buɗe zai ba da amsa,
na kama shi.
Na miƙa mata ashana.