Ɗan'uwan Gawo

Sallau ya turo hoto daga Kanada.
Lantana ta riƙe min wayar a zaure,
na ce matso da ita, idon yau ba na jiya ba ne.

Itace dogo, miƙaƙƙe kamar tabarya,
tsaye a fadama, ruwa har ƙwauri,
rawaya kamar an watsa masa gangamau.
Wai tamarak. Sau uku na maimaita,
harshena bai ɗauka ba.

Ya ce ganyensa allurai ne, tuntu-tuntu,
masu laushi, ba sa huda yatsa.
Maƙwabtansa kore suke shekara zagaye,
shi kuwa sanyi na yin sallama
sai ya kakkaɓe, ya tsaya tsirara cikin ƙanƙara.
Saiwarsa ba ta nitso, shimfiɗa take kamar tabarma.
Ba ya zama a inuwar kowa.
Baƙo kan gan shi haka ya ɗauko gatari,
alhali bai mutu ba.

Dariya na yi har tari ya sarƙe ni.

Lantana, rubuta masa:
ka je uwa duniya ka tarar da ɗan'uwan gawo!
Ka manta na gonarmu, bayan Daura, hanyar Zango?
Kana shekara bakwai damina ta sauka,
tsamiya ta yi lif, marke ya yi lif,
gawo ya tuɓe.
Ka dafe gindinsa kana kuka, Baba, ya bushe.
Barau mai faskare har ya zo taya shi,
na ce ko da sa aka zo ban sallama ba.

Geron ƙarƙashinsa ya fi ni tsawo a bana ma.
Rani na tsala, shi ne mai laima,
awaki kwance suna ɓarzar 'ya'yansa murɗaɗɗu,
saiwa can ƙasa tana shan ruwan
da guga bai taɓa kai wa ba.

Rubuta kuma:
a majalisar bakin Kusugu ana cewa
shekara biyar, yaron Tambai ya shiga duniya.
Nakan ce ku ajiye gatarinku,
kowane itace da watan ganyensa.

Wannan kar ki rubuta.
To, rubuta.
Reshen gabas ya karye da iskar Yuli,
na ja shi gida ni kaɗai, sau huɗu ina hutawa.
Yana nan jingine da rumbu,
ban bari an sa a murhu ba.