Kwalba Mai Shuɗin Murfi

Ƙarfe uku na dare a Birmingham,
can ƙasan asibiti inda ba taga,
ni da injin da ke wulwula jini muke hira.
Kwalabe na shigowa sahu-sahu.
Masu shuɗin murfi su ne rabona,
su nake tambaya: yaushe za ku daskare?

In injin ya tsaya, jan ya kwanta a gindi,
ruwa kamar man gyaɗa ya taso sama.
Shekara tara ina kallo,
ban taɓa ganin fatar kowa a ciki ba.
Na Maureen Tansley, na Gurmeet Sandhu,
na tsoho Egbert Pinnock mai gyaran takalma a Handsworth,
duk man gyaɗa ne.

Sai lamba ta fito, ta tada zaune tsaye.

Akwai zare a cikin jini, shi ke ɗinke rauni.
In ya yi yawa sai ya cukurkuɗe,
ya tokare mashigar zuciya
kamar jaki ya turje a kan gada.
Akwai wutar ƙaiƙayi a bangon jijiya,
ba hayaƙi, ba ƙauri,
ta ƙasa take ci.
Ran Talata likita Hollis ta nuna mini jadawali,
ta ce in an tara jama'a an kasa,
layin masu irin fatata yakan ɗan ɗaga kai.
A hankali ta faɗa, kamar mai miƙa ɗanyen ƙwai.
Na ce, da mudun wa aka auna "daidai" ɗin?
Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

Akwatin da ke kan takarda bai kai farce ba,
amma an ɗura mu ciki:
ni 'yar Ƙaura Namoda,
da Egbert, wanda aka ƙetarar da kakanninsa teku a ɗaure,
da yarinyar Mogadishu mai shara a hawa na biyu.
Kama da wane ai ba wane ba ne.

Babu akwatin aikin dare.
Babu na ɗakin da bangonsa ke gumi har Afrilu,
ko na mai gadin kanti da ke bin ka har ka biya,
ko na maganar da ka haɗiye a gaban manaja,
ta sauka, ta rasa mazauni sai jijiya.
Wataƙila gado ne.
Wataƙila haya ce muke biya.
Injin dai bai san bambanci ba.

Yayana Barau yana jan bas mai lamba sha ɗaya,
wadda ke kewaya gari, ba farko ba ƙarshe.
Arba'in da shida, ba taba, ba giya.
Ya gangara gefen titi a tsanake,
ya ja birki, ya buɗe wa fasinja ƙofa,
sannan ya kifa goshi a kan sitiyari.
Inna ta ce a waya, kwana ne ya ƙare.
Na ce haka ne, Inna.
Ban gaya mata kwalbarsa ba ta taɓa zuwa hannuna ba,
ni da ke auna na duk gari.

Da asuba Niamh ta shigo karɓar aiki,
gashinta jiƙe da ruwan sama.
Na naɗe hannun riga, na miƙa mata.
Ta lalubi jijiya, ta ce, kau da kai.
Ban kau ba.
Na rubuta sunana, Tasalla, na liƙa,
na bar ɗan akwatin nan ba komai,
na sa kwalbar a bayan ta Egbert,
ta jira layinta.

A waje, sha ɗaya ta iso kan lokaci.
Direban ya yi hamma, ya dafe ƙirji, ya gyara zama.
Na zauna kusa da shi,
ban sauka a tashata ba.