Ƙusa a Kofin Shayi

A Maiurno, ajinmu na kallon Nilu.
Malama Zulai ta narka gishirin jan ƙarfe
a kofin shayi, don kwalaben gwaji sun fashe.
Ruwan ya yi shuɗi shar.

Na zaro ƙusa daga karyayyen benci,
na cuɗe tsatsarta da yashi, na jefa.

Kafin azahar ruwa ya koma kore-kore,
ƙusa ta yafa ja.
"Baƙin ƙarfe ya fi zafin nama," in ji Malama,
"ya shige ruwan, ya koro mai gida."

Batula, da suka baro Hartum bara,
ta daɗe tana duban kofin.
Ta ce, "Korarren bai ɓace ba.
Ga shi nan ja wur,
manne da wanda ya kore shi."